Shin Kalmar "Telecommunications" Tana Nuna Ingancin Kamfani?

Tambaya: Ina so in sa intanet a ofishina, kuma kamfanoni biyu sun kawo mini takardunsu. Ɗaya ya kira kansa kamfanin "telecommunications", ɗayan kuwa ya ce intanet kawai yake sayarwa. Mene ne ma'anar kalmar, kuma ko tana nufin na farkon ya fi?

Amsa: Malam, kalmar sunan fanni ce, ba shaidar inganci ba. Gaɓarta ta farko, "tele", daga Girkanci take, ma'anarta nesa, sauran kuma daga Latin, ma'anarsa yin tarayya a kan abu, shi ya sa muke cewa sadarwar nesa, ko sadarwa kawai. Wani injiniya Bafaranshe, Édouard Estaunié, ne ya ƙirƙiro ta a 1904, kuma a taron Madrid na 1932 ƙungiyar telegiraf ta duniya, wadda aka kafa a 1865, ta amince ta sa kalmar a cikin sunanta. A ma'anar da ƙungiyar ta ba ta, duk saƙon da aka aika ta waya, ta igiyar rediyo ko ta haske ya shiga ciki, rubutu ne, murya ce ko hoto. Wasiƙar gidan waya ba ta shiga ba, kome nisan tafiyarta.

Ke nan kamfanonin biyu duk sadarwar nesa suke yi, ɗaya ne dai ya zaɓi dogon suna. Da ni ne ku, tambayar da zan fara yi wa kowannensu ita ce ko layin nasa ne ko hayarsa yake yi a hannun wani, domin idan matsala ta taso, mai haya sai ya jira mai layi kafin a yi gyara. Bayan haka ku tambayi hanyar da intanet ɗin zai iso muku. Zaren gilashi mai ɗaukar haske ya fi tsayawa daram, ruwan sama mai ƙarfi kuwa yana iya raunana wasu igiyoyin rediyo, sannan tauraron ɗan Adam da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 yana jawo jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, wanda za ku ji shi sosai a taron bidiyo.

Ku nemi a rubuta muku saurin aikawa daban da saurin saukewa, domin na biyun aka fi sa wa a talla. Ku kuma lura cewa da megabit ake auna sauri, kuma sai megabit 8 suke yin megabait 1, wato ma'aunin girman fayil, don haka layin megabit 40 ba zai wuce megabait 5 a daƙiƙa ba.