Amsoshin tambayoyinku: 'Yan tsanan anime, daga zaɓi zuwa adana su

Salamu alaikum Anti. Tun ina ƙarama nake son Sailor Moon, tauraruwar anime, wato katun na Japan. Na tara ɗan kuɗi, ina son 'yar tsanarta irin wadda ake canza wa kaya. Na ga Pullip, na ga Dollfie Dream. Da wacce zan fara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da Pullip. Wani kamfanin Koriya ta Kudu ne ya ƙirƙiro ta a 2003, yanzu Groove na Japan ke fitar da ita, kuma ta Sailor Moon ta fito a 2014. Tsawonta kimanin santimita 30 ne, kanta babba, a ƙeyarta akwai 'yan maɓallan da za ki taɓa idanunta su waiga gefe ko su lumshe. Wannan kaɗai ya isa ya ɗauke miki hankali idan kina son ɗaukar hoto. Sai dai kan ya fi jikin nauyi, don haka kada ki raba ta da abin tsayuwarta, kuma ki riƙa lanƙwasa wuyan hannunta a hankali.

Dollfie Dream kuwa ta kamfanin Volks ce da ke Kyoto. Tana kusan santimita 60, fatarta roba ce mai laushi, da ƙashin roba a ciki. Kyau dai ba a magana. Amma wadda aka yi da siffar tauraruwar anime galibi takan haura yen 50,000, kuɗin Japan, kuma sai an yi oda tun kafin a ƙera ta, ko a shiga ƙuri'a. Da an rufe, sai dai gwanjo, shi ma da tsada. Ga kuɗin aiko da na kwastan a kai. Ina so ki fara da wadda ba za ki ji tsoron taɓawa ba, wadda ƙyallen atamfar da ya ragu a wurin tela zai ishe ki ki ɗinka mata riga da ɗankwali.

Anti, na ga wata 'yar tsanar anime a intanet ana sayarwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Mai kayan ya ce ta asali ce, kwalin ne kawai ya ɓata. In saya wa matata? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Malam, a dakata tukuna, araha ba ta ado. Ka nemi ya turo hoton da ya ɗauka da kansa, fuska kusa-kusa, ba hoton tallan kamfani ba. A fuska jabu ke tona kanta: gira ɗaya ta fi ɗaya tsawo, janbaki ya zarce leɓe, gashi ya yi tsilli-tsilli har kana hango fatar kai. Ka duba ɗinkin rigar ta ciki. Ka tambayi kati da abin tsayuwa da sauran tarkacen da suka zo tare. Kayan da Toei Animation, kamfanin da ya shirya katun ɗin Sailor Moon, ya ba wa lasisi kan zo da ɗan tambari mai ƙyalli a jikin kwali, shi ya sa maganar "kwali ya ɓata" ba ta kwanta mini ba. Ganin an rubuta an yi ta a Sin ba hujja ba ne, na asali da yawa a can ake ƙera su.

Idan gwanjo kake so, akwai shagunan Japan irin su Mandarake da AmiAmi da Suruga-ya, masu bayyana lafiyar kaya da ta kwali kafin ka biya. Masu shiga tsakani kamar Buyee da ZenMarket kuma sukan saya maka daga kasuwannin cikin Japan. Ka tabbatar suna aikowa ƙasarka, ka haɗa lissafin duka kafin ka danna.

Na sa wa Dollfie Dream ɗita baƙar riga na mako biyu, da na cire sai na ga baƙi ya kama kafaɗunta. Na wanke da sabulu, bai fita ba. Ta lalace ke nan? Daga wata 'yar uwa a Kano.

Kwantar da hankalinki 'yar uwa, ba ta lalace ba. Na san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ga haka. Rigar ce ta zuba, robar mai laushi ta shanye rinin, shi ya sa sabulu ba ya kai masa. Masu tara su na amfani da man ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyl peroxide: a shafa a kan tabon kaɗai, a rufe da farar leda, a bar shi ya kwana, a goge, a sake. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokacin makonni. Ki fara gwadawa a wurin da ba a gani. Kada ya kusanci fentin fuska, kada ya taɓa tufafinta, domin yana cin launi. Volks ma na sayar da nata maganin, Dream Rescue.

Nan gaba, duk yadi baƙi ko ja ko shuɗi ki wanke shi har ruwan ya fito fari tas, ki sa mata farar shimi da dogon wando a ciki, kuma ki cire kayan da zarar kin gama hoto. Baƙin gashin ma yakan bar tabo a kai, sai ki ɗora mata farar hula a ƙarƙashi.

Tunda a Kano kike, ki kula da zafi. Rana na sa roba ta koma ruwan ɗorawa, kuma idan aka kulle ta a kwali cikin ɗaki mai zafi a watan Afrilu, jikinta kan fara danƙo. Ki ajiye ta a kabad mai gilashi nesa da taga, ya tare mata ƙurar hunturu, ki riƙa buɗewa tana shan iska. Gashinta na roba ne, ba ya son man kitso ko zafin handiraya. Ki ɗan yayyafa ruwa, ki taje da mataji mai faɗin haƙora, daga ƙasa zuwa sama.