Amsa ga ɗan'uwan da bayan babur ɗinsa ke zama in ya ɗauki goyo

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ka kwatanta shi ne ya same ni sak. Ka ce in ka ɗauki goyo bayan babur ɗin zama yake yi, kuna faɗawa rami ka ji ƙwas a ƙasan kujera, in kuma kai kaɗai ne sai ya yi ta tsalle da kai, shi ne kake tambaya ko za ka iya saita shok ɗin da kanka. Za ka iya, kuma gara ka koya.

Nawa da ya fara haka, wurin makaniken da na yi shekaru ina kai wa aiki na kai shi. Bai hau babur ɗin ba, bai ko danna kujerar ya gani ba. Guduma ya ɗauko da guntun ƙarfe, ya daddaki zoben nan da ke ƙasan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke jikin shok, ya ce ya ƙara masa ƙarfi, in tafi. Bayan sati guda na ɗauki ƙanena, muka shiga wata kwana mai gargada, ba gudu nake yi ba wallahi. Sai na ji tayar baya tana barin ƙasa tana dawowa, bayan babur ɗin yana kaɗawa, kafin in ce wani abu mun zube. Ni gwiwa kawai na goge. Shi hannu ya tokara, ya karye a wuyan hannu. Har yau ina jin ƙarar da ya yi, kuma har yau in ya ɗauki abu mai nauyi sai ya sauya hannu. Ni na ce ya hau, da yana shirin tafiya a ƙafa.

Da na dawo hayyacina na tsuguna na duba. Zoben hagu yana mataki na 5, na dama yana na 3. Shok ɗin dama kuma duk mai ya jiƙa shi, ƙura ta kama ta yi baƙi, alamar ya daɗe yana yoyo. Makaniken nan a gaban shok ɗin ya tsuguna, hannunsa ya taɓa man, bai gaya mini ba. Na koma na nuna masa, ko sannu bai ce ba, cewa ya yi ai ku matasa gudu ne da ku. Wannan maganar ta fi faɗuwar ci mini rai. Da ya ce kuskure ne, da tuni na manta.

Don haka ka fara duba mai. Ka shafa yatsa a sandar shok ɗin. Sannan ka danna kujerar da ƙarfi ka saki: lafiyayye zai taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta lilo sau biyu ko uku, man da ke riƙe sifirin ya zube ko ya mutu, kuma duk juyin da za ka yi wa zobe ba zai gyara shi ba. Tsallen da ka ce yana yi in kai kaɗai ne, shi ya fi damuna a tambayarka.

Zoben kuwa, mutane da yawa sun ɗauka ƙarfi yake ƙara wa sifirin. Ba haka ba ne, matse shi yake yi tun kafin ka hau, sai bayan babur ɗin ya ɗaga, ya samu sauran wurin da zai nutse in ya daki rami. A ƙananan babura galibi matakai 5 ne. Ka samo sifana mai ƙugiya da aka yi dominsa, don Allah ban da guduma, tana cinye haƙoran. In shok biyu ne, dole su zama mataki ɗaya. Ka ƙirga da idonka, ko wa ya yi maka aikin.

Awon ba wuya, amma sai da mutum biyu masu taimaka maka. Ka ɗaga babur ɗin har tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga notin tsakiyar tayar zuwa wata alama da ka yi a jikin babur daidai samansa. Ka rubuta. Ka sauke shi ka hau, ƙafa biyu a kan mataka, wani ya riƙe maka kan babur ɗin, wani ya sake aunawa. Bambancin ya kamata ya kama tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na duk tafiyar da tayar ke iya yi sama da ƙasa. In littafin babur ɗinka ya ce milimita 90 ce, ka nemi wajen 25 zuwa 30. Ka maimaita da goyo, ka san matakin kai kaɗai da matakin mutum biyu. In ka kai matakin ƙarshe kuma yana nutsewa fiye da haka, sifirin ya gaji ko kayan sun fi ƙarfinsa.

Na ma tuna, iskar taya. Ka auna ta da ma'auni taya tana sanyi kafin komai, na taɓa ɓata yini guda ina zargin shok ashe iska ce ta yi yawa. Ka kuma girgiza tayar baya gefe da gefe, in akwai wasa, robobin hannun da ke riƙe da ita ko boris sun ci. Sarƙa ma ka duba ta wani yana zaune a kai, don in bayan ya nutse takan ƙara ɗamewa.

In shok ɗinka irin mai ƙananan sukurori ne na saita gudun man da ke cikinsa, kada ka juya komai sai ka san inda aka baro su. Ka juya dama a hankali kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin har ya tsaya, kada ka matsa, ka rubuta adadin, ka mayar. Daga nan biyu-biyu za ka riƙa sauyawa, abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada a hanya ɗaya. In ka rufe sukurin da ke saita dawowar shok da yawa, shok ba zai gama miƙewa ba kafin rami na gaba, sai ka ji ya ƙara tauri. Mai gas a ciki kuma kada ka buɗe shi, kada ka kai shi kusa da wuta.

Ka yi awon ka turo mana lambobin biyu da hoton shok ɗin ta kowane gefe, zan duba maka. Amma ina roƙonka, kada ka sake ɗaukar kowa a baya sai ka tabbatar ba ya yoyo.