Tallata taron ɗalibai da jami'an agajin gaggawa ta intanet

Malama, kin ce kuna shirin haɗa ɗaliban firamare da na ƙaramar sakandare da 'yan kwana-kwana, 'yan sanda da ma'aikatan motar asibiti a wani taro ta intanet, kun baza sanarwa a Facebook, amma har yanzu masu rajista ba su taka kara sun karya ba. Na daɗe ina cikin masu shirya irin wannan taro, kuma a ganina tallar taku ba ta isa wurin mai yanke shawara ba. Yaron firamare ba ya rajistar kansa, kuma ƙa'idar Facebook ma ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi. Mai kawo ɗalibai shi ne shugaban makaranta da malamin aji, don haka su za ku nufa.

Wannan ya shafi yadda za ku tsara rajistar kanta. Ku riƙa rajistar aji guda a matsayin mahalarci ɗaya, yara su zauna gaban majigi ko talabijin da lasifika, malaminsu yana riƙe da ragamar na'urar. Zoom na kyauta mutum 100 kawai yake ɗauka, kuma yana yankewa bayan minti 40, amma idan kowane gurbi aji ne cikakke, ɗaliban da za ku samu sun kai dubbai. Haka kuma kun huta da karɓar sunayen yara da lambobin iyayensu, abin da shugabannin makarantu ke ɗari-ɗari da shi, kuma da gaskiyarsu.

Takardar gayyata kuwa kada ta wuce shafi ɗaya. Malami zai duba abu uku kafin ya amince: minti nawa taron zai ci, wane darasi zai maye gurbinsa, kuma wane aiki zai ƙara masa. Ku amsa waɗannan tun a layukan farko. “Taron wayar da kai kan harkokin tsaro” ba ya jan hankalin kowa, amma idan kuka rubuta cewa bayan rabin sa'a kowane yaro zai san lambar kiran gaggawa, ya iya faɗin inda yake, ya kuma san dalilin da ya sa ake rarrafe a ƙarƙashin hayaƙi, malami ya ga abin da zai samu. Idan hali ya yi, takardar ta fito da tambarin hukumar kashe gobara ko ta bi ta ofishin ilimi da makarantun ke ƙarƙashinsa, domin saƙon da ya zo daga hukumar da aka sani ba a cika jefar da shi ba. Ku aika tun farkon zangon karatu, kafin a cike jadawali, ku kuma kauce wa makon jarrabawa.

Samun ranar da za ku jingina taron da ita yana sauƙaƙa tallar. Akwai 4 ga Mayu, ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, akwai Asabar ta biyu a Satumba da ƙungiyar Red Cross ta ware wa taimakon farko (sai ku ɗauki Juma'ar da ke gabanta, tunda ba a karatu ranar Asabar), sannan ƙasashen Turai na bikin lambar kiran gaggawa ta 112 a ranar 11 ga Fabrairu. Ga manyan ɗalibai, kuna iya ambata cewa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koya wa yara daga shekara 12 yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sa'a biyu a kowace shekara. Sai dai ku tabbatar lambar da za ku koyar ita ce mai aiki a ƙasar da yaran suke, domin 911 ta Amurka da 999 ta Birtaniya sun shiga kunnen yara ta hanyar finafinai.

Abin da na ga ya fi kowane hoton talla tasiri shi ne gajeren bidiyo, na ƙasa da minti ɗaya, wanda malami zai nuna wa aji mako guda kafin taron. Ɗan kwana-kwana ya tsaya da fuskarsa a buɗe, ya gaisa da yara, sannan ya sa rigar aiki, ya goya tukunyar iska, ya rufe fuska da takunkumin numfashi, har muryarsa ta canza, numfashinsa na fita da ƙara. Amfanin wannan ya wuce talla, saboda ƙananan yara kan ɓuya ƙarƙashin gado ko cikin kabad idan gobara ta tashi, kuma ganin mutum cikin wannan shiga a tsakiyar hayaƙi na iya ƙara tsorata su. A ƙarshen bidiyon jami'in ya ce kowane aji ya aiko masa da tambaya ɗaya, zai amsa ta a taron tare da kiran sunan makarantar. Ajin da ya aika tambaya da wuya ya ƙi halarta, don yaran da kansu za su dami malaminsu da tuni.

Kada ku yi alkawarin wani jami'i da sunansa a cikin sanarwa, domin ana iya kiransa bakin aiki ana tsakiyar taro. Ku naɗi zagayen cikin motar kashe gobara da ta asibiti tun da wuri, ya zama kuna da abin sakawa idan hakan ta faru, ku kuma sanar da makarantu cewa za a ba su faifan taron, saboda waɗanda intanet ɗinsu ba shi da ƙarfi. Adireshin shiga taron ku aika wa malamai kai tsaye, kada ya hau shafukan sada zumunta, ku kunna ɗakin jira na manhajar taron, inda mai shiga ke dakatawa sai kun ba shi izini, ku kuma nemi izinin iyaye a rubuce kafin fuskar kowane yaro ta fito a hoton da za ku yi talla da shi nan gaba. Tunatarwa biyu ta isa, ɗaya saura mako, ɗaya kuma da safiyar ranar, tare da lambar wanda malami zai kira idan sauti ya ƙi fita.