Tier III ko Tier IV: wanne ya dace da mai shago?

Tambaya: Ina da shaguna uku na kayan waya a kasuwar Wuse, ina kuma ciniki ta intanet. Kamfanoni biyu sun kawo mini farashin ajiye shafina da lissafin kayana a cibiyarsu ta adana bayanai. Ɗaya ya ce tasa Tier III ce, ɗayan Tier IV, amma da tsada sosai. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, ɗauki Tier III, ragowar kuɗin ka bar su a jari.

Wata cibiya ce a Amurka, Uptime Institute, ta kasa wuraren nan mataki huɗu, daga Tier I zuwa Tier IV. Na farko da na biyu ka manta da su, don in babban gyara ya taso sai an kashe komai. A Tier III ana iya tsayar da janareta ko na'urar sanyaya ɗaki a gyara, kwamfutoci na ta aikinsu. Tier IV kuwa ko abu ya lalace ba zato, aiki ba ya tsayawa.

Alƙaluman da 'yan talla ke yawo da su su ne na lokacin da cibiya ke aiki ba tsayawa: kashi 99.982 cikin ɗari ga Tier III, wato tsayawar kusan awa ɗaya da rabi a shekara, da 99.995 ga Tier IV, kimanin minti 26. Ka lissafa cinikinka na awa guda, ka kwatanta da ƙarin kuɗin da ake nema. Banki zai iya biya, mai caja da batir ba ruwansa.

Inda ake yi wa mutane wayo shi ne shaida. Akwai satifiket na zanen gini kawai, akwai na ginin da aka kammala aka gwada. Na biyun za ka nema, ka kuma duba sunan kamfanin a shafin Uptime. Wanda ya ce maka tasa "daidai take da Tier III" yawanci ba shi da takarda. Sannan a rubuta a yarjejeniya nawa za a rage maka in shafinka ya tsaya.

Matakin kuma bai rufe abin da ke wajen ginin ba. A watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, har bankuna sun ji a jikinsu. Kai ma ka fi kusa da asarar ciniki saboda ɗaukewar wuta ko sabis a Wuse. Don haka sa inbata a kowane shago, ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, kullum da yamma yaranka su kwafe lissafin ranar zuwa wani wuri.