Man gas ya zuba a gona: abin da masu gyaran ƙasa a yankin ƙanƙara suka koya mana

Tambaya: Jarkar man gas ta injin ban ruwa ta fashe a gefen fadamata, kusan lita goma ta shige ƙasa. Wani ya ce a yankin ƙanƙara ma ana gyara irin wannan ƙasa a sake amfani da ita. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. A shekarar 1999 man gas ya malala kusa da gidan janareta na tashar binciken Casey, wadda ƙasar Ostireliya ke da ita a Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Yarjejeniyar Madrid ta 1991, ta kare muhallin Antaktika, ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin tsaftace ɓarnar da ta yi a can, kuma kwashe ƙasa a jirgin ruwa zuwa gida aiki ne mai cin kuɗi. Sai suka zaɓi gyarawa a wurin. A 2011 suka haƙe ƙasar, suka tara ta tsibi-tsibi a kan shimfiɗar roba mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, suka zuba taki, suna shigar mata da iska, suna juya ta. Bayan kimanin shekara biyar man ya ragu har aka yi cikon harsashin gini da wani ɓangare na ƙasar.

Masu aikin na ainihi ƙwayoyin bakteriya ne da ke cikin ƙasar tun asali, masu cin mai su mayar da shi ruwa da iska. Doka ta hana shigo da baƙin ƙwayoyi Antaktika, don haka da na gida aka yi komai. Can sanyi ne ke daƙile su, domin ƙasa ba ta narkewa sai 'yan watanni tsakanin Disamba da Fabrairu, shi ma na sama-sama. Kai kuwa zafi na tare da kai. Abin da ya ci musu shekaru, a wurinka watanni ne, muddin ba ka bar ƙasar ta bushe ba.

Tambaya: To ta ina zan fara?

Amsa: Da shebur, yau ba gobe ba. Haƙe duk inda ya yi duhu ko yake wari, ka ƙara taƙi ɗaya ta kowane gefe, domin mai yana bazuwa a ƙarƙashi fiye da tabon da ido ke gani. Kada ka kwarara ruwa don ka wanke wurin. A fadama ruwan ƙasa a kusa yake, tura man kawai za ka yi zuwa rijiyarka. Wannan ce babbar damuwar mutanen Casey ma: ƙasar da ta daskare a ƙarƙashi tana tare mai kada ya nutse, amma da ƙanƙara ta narke sai ruwa ya ɗebe shi ya gangara. Dole ta sa suka gina wani shinge a cikin ƙasa, cike da gawayi na musamman, yana tace ruwan kafin ya wuce.

Nemi tudu, aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi. Shimfiɗa tampol ko leda mai kauri ninki biyu, ka yi kunya a kewaye ka ɗora bakin ledar a kai don kada ruwan sama ya kwashe. Baza ƙasar kaurin santimita 20 zuwa 30, kada ta wuce inda fartanya ke kaiwa. Ga kowane kwando uku na ƙasa, haɗa kwando ɗaya na ruɓaɓɓen takin gargajiya. Idan laka ce mai danƙo, ƙara ɓuntun shinkafa don iska ta samu hanya. Juya sau ɗaya a mako. Laima kuwa, ka damƙi ƙasar a hannu: ta dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga. Da rani rufe ta da ciyawa ko kara.

Tambaya: Takin zamani nawa zan sa? Ina ganin in na yawaita zai fi sauri.

Amsa: A nan aka fi yin kuskure, kuma darasin daga ƙasashen sanyi ya fi fitowa fili. Mai kusan duk sinadarin kabon ne, ba shi da naitirojin da fosforos, shi ya sa ƙwayoyin ke buƙatar taki. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kabon 100, naitirojin 10, fosforos 1. Litar man gas ɗaya na ɗauke da kabon kusan giram 700, wato kana neman naitirojin giram 70. Giram 120 na yuriya da giram 100 na NPK 15-15-15 sun wadatar wa kowace lita. A lita gomanka, yuriya kilo 1.2 da NPK kilo ɗaya ke nan.

Sai dai kada ka zuba gaba ɗaya. Taki gishiri ne, yana narkewa a ɗan ruwan da ke cikin ƙasa, kuma idan ruwan kaɗan ne sai ya yi kauri ya ƙona ƙwayoyin, kamar yadda yuriya ke ƙona masara in ka sa ta a busasshiyar ƙasa. Masu bincike a Alaska da Antaktika, inda ƙasa ke da tsakuwa da ƙarancin ruwa, sun ga aiki na ja baya idan taki ya yi yawa. Ƙasar jigawa mai yashi haka take. Raba shi gida uku, wata guda tsakani, ka narkar a ruwa ka yayyafa. Idan ka sa kashin kaji da yawa, rage yuriyar da rabi.

Tambaya: Yaya zan gane ta warke, kuma zan iya shuka kayan miya a kai?

Amsa: Hanci shi kaɗai ba shaida ba ne. Ɓangaren mai mara nauyi shi ke fara tashi da warinsa, mai nauyin ya zauna. Bayan wata huɗu, cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasar da ka gyara, ɗaya da lafiyayyar ƙasar gona. Shuka irin latas 20 a kowanne, ka ƙirga bayan kwana goma. Idan tsiron ya yi kusan daidai kuma saiwa fara ce doguwa, an samu ci gaba. In na farko ya tsumbure, ci gaba da juyawa wata biyu.

Ko ta ci wannan jarrabawa, mu ba za mu fara da kayan ci ba. Su ma na Casey ciko suka yi da tasu. Yi gyaran hanyar gona da ita, ko ka dasa itatuwan shinge. Karas, albasa da dankali su jira sai an gwada ƙasar a ɗakin bincike.

Duk wannan bayani na man gas ne da kananzir. Fetur yana tashi da wuri, amma a nisanta wuta da taba daga tsibin. Baƙin mai da aka juye daga inji dabam ne: yana ɗauke da ƙarafa masu guba waɗanda babu ƙwayar da ke cinye su, don haka ƙasar da ya jiƙa ba ta komawa gonar abinci. A ƙulle ta a buhu mai leda, a ajiye inda ruwa ba ya kaiwa, a tuntuɓi hukumar kula da muhalli.