Amsa kan masu gogen Turawa da ke kaɗa sabbin kiɗe-kiɗe

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu goge irin na Turawa kiɗan mutanen da suka mutu shekaru ɗari biyu kaɗai suke yi. A'a. Ka nemi Kronos Quartet. Mutum huɗu ne: biyu da ƙaramin goge, ɗaya da matsakaici, ɗaya da babban nan da ake zama a riƙe tsakanin gwiwoyi. David Harrington ya kafa ƙungiyar a Seattle ta Amurka a 1973, bayan ya ji wani kiɗan George Crumb, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, a rediyo ya tsaya masa a rai. Daga baya suka koma San Francisco.

Su kam neman mai tsara kiɗa suke yi tun yana raye, su ce ya rubuta musu sabo. Abin da aka rubuta musu ya haura dubu.

Ni abin da ya fi kama ni shi ne faifansu na 1992, Pieces of Africa. Akwai aikin Obo Addy na Gana da Foday Musa Suso, ɗan Gambiya makaɗin kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa. Amma na Hamza El Din, ɗan ƙabilar Nuba, shi nake komawa kullum. Ya kwaikwayi na'urar ban ruwa da shanu ke juyawa a bakin kogin Nilu, tsirkiya ɗaya ta fara a hankali, sauran su biyo ta, har ka ji kamar ruwan na zuba a gona.

A 2017 sun yi faifai da ƙungiyar makaɗa ta Trio Da Kali ta ƙasar Mali. Ka fara da na 1992, da daddare in gari ya yi shiru.