Mun share hanyar keke a bayan gari, damina ɗaya ta mayar da ita kwazazzabo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu wasu matasa ne a cikin garin Katsina masu hawa kekunan nan masu giya da kaurin taya. Bara da rani muka yi aikin gayya, muka share wata 'yar hanya a kan wasu tuddai kusa da wani tsohon ramin marmara a bayan gari, muna zuwa motsa jiki duk Asabar. Da ruwan Agusta ya sauka sai ya cinye ta, tsakiyarta ta zama rami. Ga shi kuma wani manomi ya tare gefe ɗaya da ƙaya. Rabin abokanmu sun karaya. Ta ina za mu sake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ko ban ga wurin ba, kusan na san yadda kuka yi: kun tsaya a kan tudu, kun hango ƙasa, kun share hanya ta miƙe sak daga sama zuwa gindi, don nan ne gudu ya fi daɗi. To, layin da kuka zaɓa shi ne layin da ruwa yake nema. Kun cire masa ciyawa, kun kwashe masa duwatsu, birkinku ya sassauta masa ƙasa. Magudana kuka haƙa masa da hannunku, shi kuwa ya karɓa.

Ba ku kaɗai kuka taɓa yin wannan ba. Wasan hawan keke a tuddai ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kaliforniya a Amurka, kuma da masu hawa suka yawaita sai hukumomi suka fara rufe musu hanyoyi. Wannan ya sa ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa IMBA, wato ƙungiyar masu hawan keke a tuddai ta duniya, a 1988, kuma ƙa'idojin gina hanya da wannan ƙungiya ta yaɗa su ne 'yan sa-kai a ƙasashe da yawa suke aiki da su har yau. Kusan dukkansu a kan ruwa suke magana.

Ta farko, wadda in kun riƙe ta kun rage rabin wahala: hanya ta riƙa ratsa jikin tudu a kaikaice, kuma gangarenta kada ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa. Misali, in ka auna mita 10 a jikin tudu ka ga ƙasa ta sauka mita 2, to hanyarka kada ta sauka fiye da mita 1 a cikin mita 10. In ta wuce haka, ruwan da ke gangarowa daga sama ba zai tsallaka ta ba, zai juya ya bi ta. Sannan in an haɗa tsawon hanyar gaba ɗaya, matsakaicin gangarenta ya tsaya wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka. Ba sai kun sayi na'ura ba. Tiyon lebur na magina da tef sun isa, kuma wayoyi da yawa suna ɗaukar manhajar auna gangare.

Ta biyu, fuskar hanyar ta ɗan karkata zuwa ɓangaren gangare, kimanin kashi 5 cikin 100, wato santimita 5 a faɗin mita ɗaya. Ido da kyar yake ganinsa, mai keke ba ya jin sa, amma ruwa yana bin sa ya zube gefe a shimfiɗe tun bai tara ƙarfi ba. Ta uku kuma, wadda na fi so: kada hanya ta yi ta sauka babu hutu. Duk bayan mita 6 zuwa 15 a bar ta ta ɗan nutsa sannan ta ɗan hau kafin ta ci gaba da gangara. A wannan ɗan kwarin ruwa yake fita. Abin daɗin shi ne wannan hawa da sauka shi ne ke sa keke ya riƙa lilo a ƙarƙashinka, har ka ji kamar hanyar ce ke tura ka.

Sai ƙasarmu. Yawancin kewayen Katsina jigawa ce, rairayi kuwa ba ya daɓuwa ko ka kwana kana dukansa. Ku ɗebi ƙasa mai laima ku dunƙule a hannu. In ta tsaya dunƙule, ta yi. In ta warware, ku kauce wa wurin ko ku ɗebo marmara a baro ku shimfiɗa ku daɓe. Ramin da ka ambata arziki ne a gare ku ta wannan fuska. Inda dole hanya ta tsallaka wurin da ruwa ke bi, a jera manyan duwatsu a binne su daidai da fuskar ƙasa, ruwa ya wuce ta kansu. A gefen gangare ku dasa jema ko gamba, saiwarsu tana riƙe ƙasa, kuma manoma sun san aikinsu tun kafin mu. Faɗin hanyar kada ya kai mita ɗaya. In kuka buɗe ta da yawa, gobe babura za su mayar da ita tasu, jibi amalanke.

Lokacin aikinku ma bai yi daidai ba. Da rani ƙasa ƙura ce, duk abin da aka daɓe iska da taya za su kwashe. Ku yi haƙa da daɓe a ƙarshen damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ƙasa na da sauran laima. A tsakiyar damina kuwa aikinku kallo ne: da an ɗauke ruwa mutum biyu su je su ga inda ya bi, inda ya kwanta, su kafa turaku. Kuma kada a hau hanya tana jiƙe, sawun taya ɗaya a laka ya isa ya zama mafarin rami.

Batun manomin nan, gaskiya ina tare da shi. Ba ka ce kun nemi izini ba, na kuma ɗauka ba ku nema ba. Filin da kuke gani kamar ba na kowa ba yana da mai shi, ko gona ce da aka bar ta ta huta, ko makiyaya, ko burtali. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke kula da su, amma ƙofar shiga ita ce mai unguwa, daga nan dagaci. Ku je da dattijo ɗaya daga cikin iyayenku, ku ba manomin haƙuri, ku zaga da shi ya nuna muku iyakarsa da ƙafarsa. Ya fi ku sanin inda ruwa ke bi a wurin. Burtali kuwa kada ku kuskura ku tare shi ko ku bi cikinsa. In an amince, a rubuta 'yar takarda kowa ya sa hannu. Kuma da halin tsaro da ake ciki a wasu sassan jihar, ku tsaya kusa da gari, inda jama'a ke kai-komo, kada kowa ya je shi kaɗai.

Abokanka da suka karaya za su dawo in aikin ya zama ɗan kaɗan mai ƙarewa. Kada ku ce za ku gyara duka. Ku ɗauki mita 200 ko 300 ku yi su da kyau, tsohon layin kuma ku toshe shi da duwatsu da rassa don ciyawa ta koma. Kayan aiki duk na gida ne: diga, shebur, fartanya, manjagara, adda, baro da madaɓi. A raba hanyar gida-gida, kowane mutum biyu da nasu yanki da sunansu a kai, a tsayar da Asabar ɗaya a wata ta gyara, awa biyu da sanyin safiya kafin a hau keke.

Gyaran kansa ba shi da yawa in an yi shi a kan kari. Da tafiya ta yi tafiya, tsakiyar hanya kan lotsa, gefenta na waje ya taso kamar kunya ya tare ruwa. A sa fartanya a baje wannan kunyar, a kwashe rairayin da ya cika 'yan kwarurukan nan, a sassabe rassan da suka kai fuska. Tsidau da ƙarangiya a cire su tun suna ɗanyu kafin su zubar da 'ya'ya, in ba haka ba kuɗin gayyarku duk wurin mai faci zai ƙare. Yaran ƙauyen da za su taru suna kallonku, ku ba su manjagara su ma, in an gama a ara musu keke da hular kwano su zaga sau ɗaya. Su ne ke wurin sauran kwana shida da ba ku nan.